Dolly Parton

Dolly Rebecca Parton (an haife ta ranar 19 ga watan Janairu, 1946) mawaƙiya ce 'yar ƙasar Amurka, marubuciyar waƙoƙi, 'yar fim, kuma 'yar kasuwa. Ta yi suna ne a kiɗan kantiri, wato kiɗan da ya samo asali daga ƙauyuka da duwatsun kudancin Amurka, wanda ake yi da jita da banjo da goge irin na Turawa. Ta fara fitar da faifai tun tana 'yar shekara 13, kuma ta shafe fiye da shekara sittin tana wannan sana'a. Waƙoƙinta 25 sun hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri na mujallar Billboard, kuma an ƙiyasta cewa ta rubuta waƙa kusan 3,000. Mutane da yawa sun fi saninta da gashin kanti mai tsiri da tufafi masu ƙyalƙyali, amma ginshiƙin aikinta rubutu ne: mafi yawan waƙoƙin da suka ɗaga ta ita ta rubuta abinta, kuma tun da wuri ta riƙe haƙƙin mallakarsu a hannunta, abin da mawaƙa kaɗan ne na zamaninta suka iya yi, balle mata.

Asali da ƙuruciya

An haifi Dolly a wani gidan katako mai ɗaki ɗaya a gaɓar kogin Little Pigeon, cikin gundumar Sevier da ke gabashin jihar Tennessee. Ita ce ta huɗu a cikin 'ya'ya goma sha biyu. Mahaifinta, Robert Lee Parton, ya fara da noma gonar wani ana raba amfani, daga baya ya sami 'yar gonarsa ta taba, yana haɗawa da aikin gini. Bai iya karatu da rubutu ba, ko da yake ɗiyarsa ta sha cewa wurinsa ta gaji basirar kasuwanci. Labarin da ta fi yawan bayarwa game da talaucin gidansu shi ne cewa likitan da ya karɓi haihuwarta da buhun garin masara aka biya shi, don babu kuɗi a gidan.

Waƙa kuwa ta ɓangaren uwa ta zo. Mahaifiyarta, Avie Lee, ta fito daga dangin Owens, waɗanda kusan kowa a cikinsu yana taɓa kiɗa. Tana rera wa 'ya'yanta tsofaffin waƙoƙin labari da kakanninsu suka zo da su daga Ingila da Sikotilan da Ayalan, waƙoƙin da galibi kan mutuwa da cin amana da rabuwa suke. Kakanta na wajen uwa, Jake Owens, mai wa'azi ne a wata majami'ar Fentikos, kuma a can Dolly ta fara rera waƙa a gaban jama'a tana ƙarama. Waɗannan abubuwa biyu, waƙar labari mai ban tausayi da waƙar coci, ba su taɓa barin rubutunta ba.

Kawunta Bill Owens shi ne ya fara ganin cewa abin zai iya zama sana'a. Tana da shekara 10 ya kai ta shirin Cas Walker, wani mai kantunan kayan masarufi da ke ɗaukar nauyin shirye-shiryen rediyo da talabijin a birnin Knoxville, kuma ta zama 'yar gida a shirin. A 1959 wani ƙaramin kamfani na jihar Louisiana mai suna Goldband ya fitar mata da faifanta na farko, "Puppy Love". A wannan shekarar ta hau dandalin Grand Ole Opry na Nashville, shirin rediyon da ya fi kowanne daraja a kiɗan kantiri, kuma Johnny Cash ne ya gabatar da ita.

Zuwa Nashville

Ta kammala sakandare a 1964, washegari ta hau mota sai Nashville. Farkon abin da ya ba ta abinci a birnin rubutu ne. Ita da kawunta Bill suna rubuta waƙoƙi suna kai wa wasu mawaƙa. Kamfanin Monument na Fred Foster ya ɗauke ta a 1965, amma Foster yana ganin muryarta ta yi siriri da yawa ga kantiri, sai ya riƙa sa ta waƙoƙin matasa na zamani. Babu wadda ta yi wani tasiri a cikinsu.

Abin da ya sauya ra'ayin kamfanin shi ne wata waƙa da ta rubuta tare da kawunta, "Put It Off Until Tomorrow". Bill Phillips ya rera ta a 1966, ta shiga cikin goman farko a jadawalin kantiri, kuma muryar macen da ke rakiyarsa a faifan ta Dolly ce, duk da ba a sa sunanta ba. Masu gabatar da shirye-shirye suka yi ta tambayar ko wace ce. Daga nan aka bar ta ta yi kantiri. A ƙarshen 1966 ta fitar da "Dumb Blonde", wadda Curly Putman ya rubuta, sannan a 1967 kundinta na farko, Hello, I'm Dolly.

A cikin waɗannan shekaru ne ita da Bill Owens suka kafa nasu kamfanin rajistar waƙoƙi, Owe-Par, sunan da suka haɗa daga sunayen danginsu biyu. A lokacin ba wanda ya ɗauki matakin da wani muhimmanci. A tsarin Amurka kowace waƙa tana da haƙƙin mallaka iri biyu: akwai na faifan da aka naɗa, wanda yawanci kamfanin faifai ke riƙewa, akwai kuma na kalmomi da karin waƙar kanta, wanda ake raba kuɗinsa tsakanin marubuci da kamfanin da ya yi mata rajista. Duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo ko a fim, ko wani mawaƙi ya sake rera ta, wannan haƙƙi na biyu shi ke kawo kuɗi. Marubuta da yawa sukan miƙa shi ga manyan kamfanoni don samun 'yan kuɗin hannu. Dolly, tana da shekara ashirin, ta zaɓi ta zama ita ce marubuciyar, ita ce kuma kamfanin.

Shekara bakwai tare da Porter Wagoner

A 1967 Porter Wagoner, wanda ke da shirin talabijin na mako-mako da ake nunawa a tashoshi masu yawa a faɗin Amurka, ya gayyace ta ta maye gurbin mawaƙiyar shirin, Norma Jean. Da farko 'yan kallo ba su karɓe ta ba. A wasu wurare har sunan Norma Jean suke kira tana tsaka da waƙa. Wagoner ya magance wannan ta hanyar rera waƙoƙi tare da ita, ya kuma shawo kan kamfaninsa, RCA Victor, ya ɗauke ta. Waƙarsu ta farko tare, "The Last Thing on My Mind" ta Tom Paxton, ta shiga goman farko a farkon 1968, kuma suka ci gaba da jera irin wannan nasara har shekara shida. Gaba ɗaya sun fitar da kundi goma sha uku tare. A 1969 aka karɓe ta a matsayin cikakkiyar mamba ta Grand Ole Opry.

Waƙoƙinta na ita kaɗai ba su yi saurin tashi ba. Sai a 1970, bisa shawarar Wagoner, ta sake rera tsohuwar waƙar Jimmie Rodgers, "Mule Skinner Blues", wadda maza ne suka saba yi, ta kai matsayi na uku. A watan Fabrairu na 1971 "Joshua", labarin wata marainiya da ta je ta san wani mutum da kowa ke tsoro a ƙauye, ta zama waƙarta ta farko da ta hau matsayi na ɗaya.

Zaman nasu ya amfani kowa, amma bai yi daɗi ba. Wagoner shi ne mai shiri, shi ke biyan albashi, shi ke da ta cewa a situdiyo, kuma yana ganin shi ya gina ta. Ita kuma tun farko ta ce shekara biyar za ta yi, ga shi har an kai bakwai. Su biyun duk sun yarda daga baya cewa rigima ba ta ƙarewa tsakaninsu. A 1974 ta bar shirin, ko da yake ya ci gaba da sa hannu a faya-fayanta har zuwa 1976. A 1979 ya kai ta kotu yana neman dala miliyan uku bisa zargin saɓa yarjejeniya, aka sasanta a wajen kotu. Sun shirya daga baya, kuma a 2007, 'yan watanni kafin rasuwarsa, ta rera masa waƙar bankwanan da ta rubuta dominsa a bikin cikarsa shekara 50 a Opry.

Abin da take rubutawa

Masu nazarin kiɗa galibi suna ɗaukar shekarun 1968 zuwa 1975 a matsayin lokacin da alƙalaminta ya fi kaifi, kuma da wuya a yi musu a kan haka. Wanda ya san ta da fara'a da barkwanci kawai zai yi mamakin duhun da ke cikin waƙoƙin wannan zamani. Akwai yaran da suka mutu, akwai matan da aka kulle a gidan mahaukata, akwai masu kashe kansu. "Down from Dover", ta 1970, labarin wata yarinya ce da saurayi ya yi wa ciki ya tafi, iyayenta suka kore ta, tana jiran dawowarsa har ta haifi jaririya ba rai. Ba a tura waƙar gidajen rediyo ba, don ana ganin ba za su sa ta ba. Dolly ta sake naɗa ta bayan shekara talatin. Tun kafin wannan, "Just Because I'm a Woman" ta 1968 ta taɓo batun yadda namiji ke neman mace marar tabo alhali shi ba ya tambayar kansa abin da ya aikata. A Nashville ta wancan lokaci, mace ta faɗi haka a faifai ba ƙaramin abu ba ne, kuma wasu tashoshi sun ƙi sa ta.

Game da talauci ma ba ta rufa-rufa. "In the Good Old Days (When Times Were Bad)" tana nuna mai tuna ƙuruciya da ƙauna amma ba ya fatan komawa cikinta ko da za a biya shi. Fitacciya a wannan layi ita ce "Coat of Many Colors" ta 1971, wadda ita kanta ta sha cewa ta fi sonta a duk abin da ta rubuta. Labari ne na gaske: mahaifiyarta ta ɗinka mata riga da tsummokaran da aka ba su, tana ɗinki tana ba ta labarin Annabi Yusuf da rigarsa kamar yadda ya zo a Littafi Mai Tsarki na Kirista. Yarinyar ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi mata dariya. Ƙarfin waƙar yana cikin cewa yarinyar ba ta ji kunya ba, mamakin yadda suka kasa ganin darajar rigar take yi. Dolly ta rubuta ta ne a cikin motar yawon wasa, a bayan rasit ɗin wankin kayan Wagoner, don ba ta sami takarda ba. Waƙar ta tsaya a matsayi na huɗu, amma daga baya Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa ta cikin jerin faya-fayan da ake adanawa saboda muhimmancinsu ga tarihin ƙasar.

"Jolene" ta fito a ƙarshen 1973, ta hau matsayi na ɗaya a watan Fabrairu na 1974, kuma a 1976 ta shiga goman farko a Birtaniya. Mace ce ke roƙon wata mace da ta fi ta kyau kada ta ƙwace mata miji. Babu zagi, babu barazana, har yabon kyawun abokiyar hamayyar take yi, kuma wannan ne ya bambanta ta da sauran waƙoƙin kishi. Kalmominta kaɗan ne, tana tafiya a kan wani kiɗan jita mai maimaita kansa kamar zuciyar da ta kasa kwanciya. Dolly ta ce sunan ta same shi ne daga wata yarinya da ta nemi ta sa mata hannu bayan wasa, labarin kuma daga wata ma'aikaciyar banki mai jan gashi da ke yawan yi wa mijinta fara'a. Cikin waƙoƙinta babu wadda wasu mawaƙa suka fi sake rerawa kamarta. The White Stripes sun yi ta da salon rok, Beyoncé kuma ta yi tata a 2024 da sauye-sauye a kalmomin.

Waƙar da ta hana Elvis

"I Will Always Love You" ba waƙar soyayya ba ce a asalinta. Dolly ta rubuta ta ne don ta gaya wa Wagoner cewa za ta tafi, bayan magana ta gagara. Ta rera masa a ofishinsa, kuma a cewarta ya zubar da hawaye ya amince. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri a 1974, ta sake hawa a 1982 da ta naɗa ta a karo na biyu don fim ɗin The Best Little Whorehouse in Texas.

Ba da daɗewa da fitowarta ta farko ba Elvis Presley ya nuna yana son rera ta. Ga marubucin waƙa a wancan lokaci babu abin da ya fi wannan. Amma manajansa, Kanar Tom Parker, ya zo da sharaɗin da ya saba gindayawa: sai an miƙa musu rabin haƙƙin mallakar waƙar. Dolly ta ƙi. Ta ce ta kwana tana kuka, kuma mutane da dama sun gaya mata ta yi wauta, amma a ganinta waƙoƙin su ne abin da za ta bar wa danginta.

Bayan kusan shekara goma sha takwas, a 1992, Whitney Houston ta rera waƙar don fim ɗin The Bodyguard, bisa shawarar Kevin Costner, David Foster kuma ya tsara kiɗan. Inda Dolly ta rera ta a hankali kamar mai raɗa, Houston ta fara ba kiɗa sannan ta buɗe murya gaba ɗaya. Faifan ya yi mako 14 a saman babban jadawalin Billboard, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saya a tarihi, har mutane da yawa a duniya ba su san cewa waƙar kantiri ba ce. Kuɗin marubuci da na rajista duk Dolly suka tafi wa. Ta bayyana daga baya cewa ta sa wani kaso na kuɗin a wani rukunin ofisoshi da ke unguwar baƙar fata a Nashville, don tunawa da Houston.

Faɗaɗa kasuwa: Los Angeles da fim

Bayan ƙungiyar kiɗan kantiri ta Amurka ta zaɓe ta gwarzuwar mawaƙa mata a 1975 da 1976, sai ta juya zuwa babbar kasuwa. Ta ɗauki manaja daga Los Angeles, Sandy Gallin, ta sauya makaɗa, kuma a 1977 ta fitar da Here You Come Again. Waƙar da kundin ya ɗauki sunanta ba ita ta rubuta ba, ta Barry Mann da Cynthia Weil ce, kuma ta kai matsayi na uku a babban jadawali. Shi ne kundinta na farko da aka sayar da kwafi miliyan ɗaya, ya kuma kawo mata lambar Grammy ta farko. Wasu a Nashville sun zarge ta da juya wa kantiri baya. Amsarta ita ce ba barinsa take yi ba, tafiya take da shi. Duk da ƙorafin, a 1978 aka ba ta babbar lambar ƙungiyar, ta gwarzon mai nishaɗantarwa na shekara.

A 1980 ta fito a fim ɗinta na farko, 9 to 5, tare da Jane Fonda da Lily Tomlin, labarin wasu mata uku ma'aikatan ofis da suka gaji da wulaƙancin shugabansu. Sharaɗin da ta gindaya kafin ta karɓi aikin shi ne ita za ta rubuta waƙar fim ɗin. Ta tsara ta a wurin ɗaukar fim, tana goga faratanta na kanti da juna suna ba da sauti irin na tafireta. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri da babban jadawali a farkon 1981, abin da kafin ita mace ɗaya ce kawai ta taɓa yi da waƙa guda, wato Jeannie C. Riley a 1968. Ta ci Grammy biyu, aka kuma sa ta cikin 'yan takarar Oscar. Har yau ana jin ta a tarukan ma'aikata da na 'yan siyasa a Amurka.

A 1983 ita da Kenny Rogers suka rera "Islands in the Stream", wadda 'yan ƙungiyar Bee Gees suka rubuta, ita ma ta hau saman jadawalan biyu. Faya-fayan da ta yi a tsakiyar shekarun 1980 dai ba su kai na baya ba. Kiɗan na'ura ya yi musu yawa, kuma rubutunta ya ragu a cikinsu. Fim ɗin Rhinestone da ta yi da Sylvester Stallone a 1984 ya faɗi warwas. RCA ba ta sabunta kwantiraginta ba, ta koma Columbia a 1987, inda kundinta na farko, Rainbow, bai yi kasuwa ba, shirin talabijin da tashar ABC ta ba ta shi ma bai wuce zango ɗaya ba.

Komawa tushe

A wannan shekara ta 1987 ɗin ce kuma aka fitar da Trio, kundin da ita da Linda Ronstadt da Emmylou Harris suka daɗe suna son yi tun shekarun 1970. Muryoyi uku ne da kayan kiɗa na gargajiya, ba ado mai yawa. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, ya ci Grammy, ya kuma tuna wa masu sauraro irin muryar da take da ita: siririya, mai ɗan rawa a ƙarshen kalma, wadda ta fi fitowa idan kiɗa bai danne ta ba. White Limozeen na 1989, wanda Ricky Skaggs ya shirya, ya maido ta saman jadawalin kantiri da waƙoƙi biyu, kuma a shekarar ta fito a fim ɗin Steel Magnolias. A 1993 ta haɗu da Loretta Lynn da Tammy Wynette suka yi Honky Tonk Angels.

Sai dai a cikin shekarun 1990 gidajen rediyon kantiri sun karkata ga sabbin matasa, suka daina sa tsofaffin hannu, kuma ita ma abin ya shafe ta. An shigar da ita Zauren Girmamawa na Kiɗan Kantiri a 1999, lokacin da sabbin waƙoƙinta ba sa samun shiga rediyo. Maimakon ta ci gaba da bin su, sai ta koma wani ƙaramin kamfani, Sugar Hill, ta yi kundi uku na bulugiras, wani reshe na kantiri da ake yi da kayan tsirkiya zalla ba tare da lantarki ba. Banjo, wanda shi ne jigon wannan salo, ya samo asali ne daga kayan kiɗan da bayi 'yan Afirka ta Yamma suka riƙa ƙerawa a nahiyar Amurka, kuma mai kallon tsohon samfurinsa na ƙwarya da fata zai tuna da gurmi. The Grass Is Blue (1999) ya ci Grammy na kundin bulugiras mafi kyau, Little Sparrow (2001) ya biyo baya, sannan Halos & Horns (2002). Ba su yi cinikin faya-fayanta na da ba, amma su ne suka dawo mata da martaba a idon masu sharhi da matasan da ba su san ta da komai ba sai barkwanci a talabijin.

Kafin wannan, a 1996, ta rera "Peace Train" ta Cat Stevens tare da ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo ta Afirka ta Kudu. Kiɗan kantiri ya daɗe yana da masoya a Afirka, kuma a Najeriya da Kenya da wasu ƙasashe kaset-kaset ɗinta sun yi yawo tare da na Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers.

Daga 2005 zuwa yau

Waƙar da ta rubuta wa fim ɗin Transamerica na 2005 ta sake kai ta takarar Oscar. Daga 2008 ta fara fitar da faya-fayanta a ƙarƙashin kamfaninta, Dolly Records, ta haka ta haɗa mallakar faifai da ta rubutu wuri guda. Ta rubuta waƙoƙin wasan dandali na 9 to 5 da aka buɗe a Broadway a 2009, aka ba ta Grammy ta girmamawa kan aikin rayuwa a 2011, kuma wasan da ta yi a bikin Glastonbury na Ingila a 2014 ya sa kundinta Blue Smoke ya yi kasuwa sosai a Birtaniya.

A 2022 aka sa sunanta cikin waɗanda za a zaɓa zuwa Zauren Girmamawa na Kiɗan Rok. Ta nemi a cire ta, tana cewa ba ta ga ta cancanta ba tunda ba ta taɓa yin kundin rok ba. Ba a cire ta ba, aka zaɓe ta, ta karɓa, sannan ta shiga situdiyo ta yi kundin. Rockstar ya fito a watan Nuwamba na 2023 da waƙa 30 da baƙi irin su Paul McCartney da Ringo Starr da Elton John da Sting. Ya kai matsayi na uku a jadawalin kundaye na Billboard, mafi girma da ta taɓa kaiwa, tana da shekara 77.

Kasuwanci da taimakon jama'a

A 1986 ta shiga hannun jari a wani wurin shaƙatawa da ke Pigeon Forge, kusa da inda aka haife ta, aka sauya masa suna zuwa Dollywood. Yana cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a gundumar. A 1995 ta kafa shirin Imagination Library saboda mahaifinta da bai yi karatu ba: ana aika wa yaro littafi ɗaya kyauta kowane wata ta gidan waya, daga haihuwa har ya cika shekara biyar. An fara a gundumar Sevier kaɗai, daga baya ya bazu cikin Amurka da Kanada da Birtaniya da Ostireliya da Ayalan, kuma a 2018 aka yi bikin littafi na miliyan 100. Bayan gobarar dajin da ta cinye gidaje a yankinsu a 2016, gidauniyarta ta riƙa ba iyalan da suka rasa muhalli dala 1,000 kowane wata har wata shida. A 2020 ta ba cibiyar lafiya ta Jami'ar Vanderbilt dala miliyan ɗaya, kuma wani ɓangare na kuɗin ya shiga binciken da ya taimaka wajen samar da rigakafin korona na kamfanin Moderna.

Tana kauce wa bayyana goyon bayan kowace jam'iyya, abin da wasu ke yabawa wasu kuma ke gani a matsayin gudun ɓata wa masu sayen faifai. A 2021 ta roƙi majalisar jihar Tennessee ta janye ƙudurin kafa mata mutum-mutumi a harabar majalisar, tana cewa lokacin bai dace ba.

Iyali

Ta haɗu da Carl Dean a gaban wani gidan wanki a ranar da ta fara isa Nashville a 1964. Sun yi aure ranar 30 ga watan Mayu, 1966, a garin Ringgold na jihar Georgia, a asirce, domin kamfanin faifanta yana ganin aure zai kawo wa sana'arta cikas. Dean yana da kamfanin shimfiɗa kwalta, kuma ya guje wa 'yan jarida da tarukan mawaƙa tsawon rayuwarsa, har wasu suka riƙa raha cewa babu shi. Ba su haihu ba, amma sun riƙe wasu daga cikin ƙannenta a gidansu. Ya rasu ranar 3 ga watan Maris, 2025, yana da shekara 82, kuma bayan 'yan kwanaki ta fitar da waƙar "If You Hadn't Been There" don tunawa da shi.